Zugazugin Akwatin Ɗaukar Hoto

Kowa ya san zugazugin maƙeri. To, babban akwatin ɗaukar hoto, irin mai cin fim na inci 8 da 10, shi ma yana da nasa. Aikinsa kuwa tsare duhu ne tsakanin gilashin gaba da fim ɗin da ke baya. Cikin 1857 wani mutumin Sikotlan, wai shi Kinnear, ya fito da mai tsukakken baki, domin ya riƙa naɗewa cikin kansa.

Rufi uku gare shi: siririyar fata daga waje, yankakken kwali a tsakiya mai tsai da ninki, sa'an nan baƙin ƙyalle daga ciki. Kusurwoyi kan fara cinyewa, gama nan lanƙwasa ta fi yawa. Hunturu kan busar da fata ta tsage, damina kuwa ta kawo fumfuna. Huda kamar ta allura ta isa ɓata hoto, wahalar yini ta tafi a banza.

Ga yadda za mu gwada. Mu shiga ɗaki mai duhu, mu miƙe shi iyakar tsawonsa, mu sa tocila ciki. Inda haske ya leƙo, nan ɓarna take. Huda ɗaya ko biyu a iya liƙewa da ƙyalle, in sun yi yawa sai a sake sabo. Yanzu galibi da nailan mai shafin roba ake yinsa, ya fi fata jure laima. Amma mu lura da kauri, in ya faye akwatin ba ya rufuwa. Mu ajiye shi wuri busasshe, mu riƙa buɗe shi loto-loto, gama rigakafi ya fi magani.