FIƊIYAR ƊAN KARE, DA YADDA A KE JINYARSA

Wannan takarda an rubuta ta domin manoma, da makiyaya, da mafarauta, da dagatai da masu unguwa. Kai da ka ke da kare a gida ko a gona, ka karanta ta a tsanake, sa'an nan ka karanta wa maƙwabtanka waɗanda ba su iya boko ba.

Ka sani fa, kare dabba ce mai amfani ga talaka. Shi ne ke tsaron gida da dare, shi ke korar biri da dila daga gona, shi ke bin mafarauci daji. Amma kare namiji da zarar ya balaga sai hankalinsa ya bar gida. In ya sansano warin karya mai neman barbara, ko da tana wani ƙauye ne, sai ya bi. Karya kuwa ta kan yi wannan hali kamar sau 2 a shekara, kowane karo kusan mako 3. Cikin waɗannan kwanaki karnuka su kan taru a kanta, su yi ta faɗa, naka ya komo da kunne a yage, ko kuwa kada ya komo sam. Bayan kwana 63 ga 'yan kwikwiyo an haifa, ba mai so, su girma a kan juji.

Babban hatsarin da ke cikin wannan yawo shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu kuwa ta cizon kare su ka samu. Karen da ke kwana a gida bai cika gamuwa da mahaukacin kare ba. Mai yawo shi ne ke ɗauko wa gida bala'i.

ABIN DA FIƊIYA KE YI

Fiɗiya ita ce a tsaga fata a cire 'ya'yan maraina duka biyu. A cikinsu ne a ke yin iri, su ne kuma ke zuba wa jini wani sinadari mai ta da sha'awa. In an cire su, kare ba zai ƙara haihuwa ba, yawonsa ya ragu ƙwarai, faɗa da 'yan'uwansa maza ya yi sauƙi, ya rage ɗaga ƙafa yana fitsari a jikin kowane rumbu da danga.

Har wa yau akwai cututtukan da ya ke tsira daga gare su. Ba zai yi dajin maraina ba, tun da ya ke babu su. Tsofaffin karnuka da ba a fiɗiye ba su kan yi kumburin wata tsoka da ke gindin mafitsara, har kashi ya riƙa yi musu wuya. Fiɗiya tana hana wannan. Akwai kuma wani tsiro ja mai zub da jini wanda ke fitowa a al'aurar karnukan yawo, ta wurin barbara su ke shafa wa juna. Karen da ya bar bin mata ya yi nisa da shi.

Waɗansu mutane suna cewa fiɗiyayyen kare rago ne, ba ya haushi, ba ya farauta. Wannan ba haka ba ne. Hancinsa da kunnensa da gudunsa suna nan yadda su ke, sanin ubangijinsa kuma ba a maraina ya ke ba. Sai dai ka lura, in kare mugu ne mai cizon mutane don tsoro ko don rashin horo, fiɗiya ba za ta gyara shi ba. Kuma fiɗiya ba ta hana haukan kare. Allurar rigakafi kaɗai ke hana shi. A kan yi ta tun kwikwiyo yana da wata 3, a maimaita kowace shekara ko yadda likita ya ce.

In kana da kare mai kyau wanda ka ke so ka sami irinsa, yi tunani tukuna, gama abin da aka cire ba ya komawa.

YAUSHE YA KAMATA

Kare ya kan balaga tsakanin wata 6 da shekara guda. Irin karnukanmu na ƙauye, marasa nauyi, a na iya yi musu daga wata 6. Manyan karnuka irin na ƙasashen Turai gara a dakata sai sun kai shekara guda ko shekara da rabi, domin ƙasusuwansu suna daɗewa ba su gama girma ba, in aka yi musu da wuri wani lokaci gaɓoɓinsu su kan sami lahani. Kada ka bari ya tsufa kuma, don halin da kare ya saba da shi shekara da shekaru ba ya barinsa da sauƙi.

Ka shafa ka ji ko 'ya'yan maraina biyu duk sun sauko cikin jakarsu. In ya kai wata 6 ɗaya kaɗai ka ke ji, ɗayan ya maƙale ne a ciki ko a matsematsi. Ka gaya wa likita. Wanda ya maƙale ɗin ya fi saurin zama daji, lalle ne a neme shi a fitar.

Game da lokacin shekara, kwanakin ɗari sun fi, sa'ad da ƙasa ta bushe, ƙudaje su ka ragu. Da damina ga taɓo, ga ƙuda, rauni ya kan yi wuyar tsarewa.

WANDA ZAI YI AIKIN

A nan ne mutane su ka fi yin kuskure. Sun ga a na dandaƙe sa da bunsuru a ƙauye, sai su ce kare ma haka. Ƙarfen nan mai kama da awartaki da a ke kira Burdizzo, da zoben roba da a ke sa wa 'yan raguna, an yi su domin dabbar da jakarta ke reto, mai dogon wuya. Jakar kare gajeriya ce, manne da jiki, ga shi kuma bakinsa yana kai wa wurin. In ka ɗaure masa roba ko zare, zafi zai sa ya tauna wurin har ya yage, nama ya ruɓe. In ka sa aska ba tare da an ɗaure jijiya ba, jijiyar ta kan zame ta koma ciki, jini ya yi ta zuba inda ido ba ya gani, kafin gari ya waye kare ya mutu. Banda wannan, kare mai jin azaba ba ya sanin ubangijinsa, zai cije ka.

Saboda haka wannan aikin likitan dabbobi ne. Ka tambayi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinku inda asibitin dabbobi mafi kusa ya ke. Akwai kuma manyan asibitocin koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kuɗin aikin bai kai hasarar kare mai kyau ba. Araha ba ta ado.

SHIRI KAFIN RANAR

1. Ka tabbata kare lafiyayye ne, yana cin abinci, ba zawo, ba tari.

2. A ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska da ƙuma tun da sauran mako 2. Kaska tana sa wa kare wata cuta mai hana jini daskarewa. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: in ja ne garau, madalla, in ya yi fari fat, a yi magani tukuna.

3. Ka yi masa wanka da sabulu ana gobe za a tafi.

4. Kada ya ci kome daga daren jajibirin, watau kamar awa 8 zuwa 12, amma a bar masa ruwa. Dalili kuwa, in aka sa shi barci da abinci a ciki, ya kan yi amai ya shaƙe.

5. Ka share ɗaki ko zaure mai inuwa, ka shimfiɗa tsabtataccen buhu ko tsohuwar tabarma, ka tanadi igiya.

YADDA LIKITA KE YI

Likita zai auna nauyinsa, ya yi masa allurar barci da ta kashe zafi. Ya aske gashin wurin, ya wanke da magani. Sa'an nan ya yi ɗan tsagi gaba kaɗan da jakar, ya turo ɗan maraina ɗaya ta nan, ya ɗaure jijiyoyin da zare tam, ya yanke, ya yi haka ga na biyun, ya ɗinke fata. Aikin ba ya cika wuce rabin awa. Jakar kuwa a kan bar ta, a hankali za ta motse. Kafin ka tafi ka tambaye shi ko zaren mai narkewa ne ko wanda za a komo a cire.

JINYA

Likita ya yi nasa, saura naka, naka kuwa ya fi tsawo. Kwana 10 zuwa 14 rauni ke yi kafin ya haɗe.

Ranar farko za ka gan shi yana tangaɗi kamar mai maye. Kwantar da shi inda ba sanyi, ba rana, nesa da wuta da bakin rijiya. Ka hana yara damunsa. In ya farfaɗo sosai ba shi ruwa kaɗan, da maraice ka ba shi rabin abin da ya saba ci. In ya ƙi, ƙyale shi sai gobe.

Kada ka bari ya lashi wurin. Mutane suna cewa harshen kare magani ne, alhali kuwa harshensa kaushi gare shi, bakinsa cike da ƙwayoyin cuta, haƙoransa kuma cikin ɗan lokaci kaɗan sai su tsinke ɗinki. A na sayar da wani abin wuya mai kama da mazurari domin wannan. In ba ka samu ba, nemi ƙaramin bokitin roba ka yanke gindinsa, ka naɗe bakin yankan da tsumma, ka zura kansa, ka ɗaure a wuya yadda yatsu biyu za su shiga. Ya zauna da shi dare da rana. Zai yi ta ƙoƙarin cirewa kwana ɗaya ko biyu, kada tausayi ya sa ka kwance.

Ka tsare shi a ɗaki ko a ɗaure. Ba farauta, ba bin shanu, ba tsalle, ba shiga kududdufi, ba wanka. Safe da yamma ka fita da shi da igiya ya yi bawali ya komo.

Ka duba raunin sau 2 kowace rana. Kada ka sa toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko kananzir, ko barkono. In wurin ya ɓaci, goge gefensa da tsumma mai tsabta da tafasasshen ruwa wanda ya huce, da ɗan gishiri a ciki. Ka yi yaƙi da ƙuda, gama in ya yi ƙwai a bakin rauni, kwana ɗaya ya isa su zama tsutsa.

Maganin da likita ya ba ka, ba shi yadda ya faɗa har ya ƙare. Kada ka ba shi ƙwayar ciwon jiki ta mutane. Irin su ibuprofen suna huda cikin kare, su lalata masa ƙoda.

ALAMUN DA ZA SU SA KA KOMA WURIN LIKITA

Ɗan kumburi da ɗan ja a kwanakin farko ba kome ba ne. Amma ka koma da shi nan da nan in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jini yana ɗiga ba ya tsayawa.

2. Jakar ta kumbura tim, ta yi baƙi, tana ƙara girma.

3. Dasashi ya yi fari, kare ya kasa tashi.

4. Ɗinki ya buɗe, ko mugunya da wari, ko tsutsa.

5. Ya wuce kwana guda bai ci ba, ko yana ta amai, ko ya kasa fitsari.

BAYAN YA WARKE

Ko an cire zare, ka raba shi da karya har mako 6, domin sauran iri ya kan rage a cikin jijiya. Halinsa ma ba ran nan zai sake ba, sai a hankali cikin 'yan watanni. Fiɗiyayyen kare kuma ba ya bukatar abinci kamar da. In ka ga yana yin ƙiba, rage masa kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'auni shi ne ka shafa haƙarƙarinsa: ka ji ƙashi a hannu, amma kada ido ya gan shi.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Mutum ɗaya ba ya iya kiran likita daga birni saboda kare guda, amma gari yana iyawa. Ku sa a ƙidaya karnukan ƙasarku gida gida, a rubuta na wane da na wane. Ku shirya da ma'aikatan dabbobi a sa rana bayan an gama kaka, a tara su wuri ɗaya, a yi musu allurar haukan kare, masu son fiɗiya a rubuta sunayensu. Masana sun tabbatar in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ta zauna can tun 1924, tana yin wannan allura.

Ku kuma yi shela cewa duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Kada a jira a ga alama, domin in alamar ciwon ta bayyana ba sauran magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.