Zuciya Na Neman A Rage Gishiri, Mu Kuma Muna Ƙara Kanwa

Idan maijego ta fara kumburin ƙafa, hukuncin da ake yankewa a yawancin gidajenmu ɗaya ne: sanyi ya shige ta. Sai a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Don ƙauna ake yi, babu mai musu. Sai dai sau da yawa abin da ake ɗura mata shi ne ainihin abin da jikinta ke fafutukar fitarwa.

Ƙodar mutum tana tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kowace rana, ta mayar da kusan duka cikin jiki, ta bar lita ɗaya ko biyu su fita a fitsari. Abin da ke sa ta riƙe ruwa ko ta sake shi, shi ne sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri, domin duk inda ya tsaya ruwa ma nan yake tsayawa. Idan ya taru, jini ya ƙaru, nauyin turawa ya faɗa kan zuciya.

Ashe ita ma zuciyar tana da bakin magana. A 1981 wani masani ɗan asalin Ajantina da ke aiki a Kanada, Adolfo de Bold, ya tatsi ruwan naman ɗakunan sama na zuciyar ɓera, ya yi wa wasu ɓerayen allura da shi. Nan take suka shiga zubar da fitsari mai ɗauke da gishiri fiye da kima. Daga nan aka gano cewa idan jini ya cika waɗannan ɗakuna har bangonsu ya miƙe, sukan saki wani sinadari da likitoci ke kira ANP. Shi ne saƙon zuciya zuwa ga ƙoda. Yana ƙara yawan jinin da take tacewa, yana hana ƙananan bututunta na ƙarshe tsotse sodiyam su mayar cikin jiki, yana danne sinadaran da ke umartar ta da ta riƙe gishiri, sannan ya sassauta jijiyoyin jini. Mai lafiya zai ci masa da yaji ya kora da tsire, kafin wani lokaci jikinsa ya fitar da rarar bai ma sani ba.

Amma wannan kariya tana da iyaka, kuma a ƙasar Hausa aka ga iyakar ƙarara. A shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Eldryd Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka kuma danganta abin da wankan jego, kwanciya a gado mai zafi da shan kunun kanwa. Kanwa dai cike take da sodiyam, ko da ba a ji ɗanɗanon gishiri a harshe ba. Wani binciken da aka wallafa a 1991 ya auna ANP a jinin irin waɗannan mata a Zariya, aka same shi ya ninka na masu lafiya sau da yawa. Wato zuciya tana ta kira, ƙoda ta daina amsawa yadda ya kamata, ruwa kuwa yana taruwa a ƙafa, da ciki, da huhu.

Adalci ne a faɗi cewa ba a ɗora wa al'ada laifin duka ba. Binciken Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano ya nuna hannun rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam a wannan ciwo. To amma ko mene ne ya fara raunana zuciyar, ƙara mata gishiri ɗora wa gajiyayye kaya ne.

Maganar ba ta masu jego kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, da na yaji, da na kilishi, da kanwar da ake jefa wa wake. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya fi kowa buƙatar kiyayewa. Ya kuma guji shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen barkatai daga kemis, don suna sa ƙoda ta riƙe gishiri.

Iyaye mata, surukai da magidanta, ku ne masu lura da maijego. In kun ga ƙafa ta kumbura har yatsa na barin rami in an danna, ko tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tari na tashinta cikin dare, ku dakatar da kanwar. Kada ku jira arba'in. Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko asibiti mafi kusa da ku, a ranar da kuka gani.