Tsatsa Na Cinye Gadon Maƙera A Jos

Garin Jos ya daɗe da sanin ƙarfe. Haƙar kuza ta jawo maƙera daga Kano da Zariya da Bauci, domin kuwa lebura ba ya aiki sai da diga da shebur, su kuwa waɗannan kullum suna bukatar gyara. Amma tun da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, kayan aiki masu yawa suka zama yasassu. Yau sau da yawa maƙeri in ya rasu, 'ya'yansa sun kama wata sana'a, sai a jefar da uwar maƙera da masaba da awartaki a bayan ɗaki, har ranar da 'yan gwangwan za su ɗora su a sikeli.

Yanayin Jos kuwa ba ya raga wa ƙarfe. Ruwan sama yakan sauka tun daga Afrilu har Oktoba, ga kuma raɓar asuba, alhali tsatsa ba ta bukatar komai illa laima da iska.

Duk da haka uwar maƙera ba ta saurin mutuwa, saboda kaurinta. Kafin a yanke mata hukunci sai a ɗan buga ta da guduma. Idan gudumar ta yi tsalle ta dawo, to, fuskarta na nan da taurinta. Daga nan sai a shafa mata kananzir a bari ya kwana, a goge da burushin waya, a maimaita har jan ya fita. Baƙin da ya rage a ƙarƙashi ba aibu ba ne, a bar shi. Ƙananan kaya irin su awartaki ana iya jiƙa su cikin ruwan tsamiya ko na lemun tsami na kwana guda, sa'an nan a ɗauraye da ruwan kanwa domin a kashe tsamin, a shanya su bushe sarai.

Akwai abu 2 da ya wajaba a kiyaye, kada garin neman gira a rasa ido. Kada a sa wa fuskarta injin gurza ƙarfe, domin yawancin waɗanda aka shigo da su daga Ingila taurinsu a saman ne kawai, in an cinye shi ba ya dawowa. Kada kuma a jefa ta cikin wuta don ƙone tsatsa, gama zafi yana sa ƙarfen ya yi laushi.

Bayan wanki sai a shafa mai kaɗan ko narkakken kakin zuma, a ɗora ta bisa kututture a cikin rumfa, nesa da gishiri da takin zamani. Amma babu maganin da ya kai aiki, domin uwar maƙerar da ake dukanta kullum fuskarta ba ta tsatsa.

Wanda ba zai yi ƙira ba, ya fi kyau ya ba mai koyo. In kuwa kayan na da tarihi, ga gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Shi ne ya tono matoyar tama a Taruga, wadda ta haura shekara 2,000. Sana'a mai irin wannan asali ba ta cancanci a sayar da kayanta da kilo ba.