Ciwon da maza ke ɓoyewa

Kaka ta wuce, an ɗaure hatsi, an zuba a rumbu. A wasu gidaje ana murna. A wasu kuwa maigida ya ƙidaya dammunansa, ya ga ba za su kai iyali damana ba. Ga bashin taki, ga kuɗin lakwal, ga ɗiya ta isa aure. Da dare kowa na barci, shi idonsa biyu. Da safe in an gaishe shi, sai ya ce: "Lafiya lau."

Mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa ba su manta da yunwar 1984 ba, ko ta 2005 wadda ta biyo bayan fari da farar 2004. A irin waɗannan shekaru ana auna yara, ana rabon cimaka. Amma nauyin da ke zuciyar magidancin da ya kasa ci da gidansa, babu mai auna shi. Tun yana yaro an koya masa cewa namiji ba ya kuka. Saboda haka ya kan yi shiru har abin ya zama ciwo.

Alamomin ciwon

Likitoci na kiran wannan cuta ciwon damuwa. Ba ragwanci ba ne, ba kuma sammu ba ne. Mai fama da shi ba ya barci sosai, ba ya jin daɗin abinci. Ya kan daina zuwa gona da dandali, ya riƙa faɗa da iyali a kan ƙaramin abu. Wani ya kan koma ga giya ko tiramol don ya manta. In waɗannan alamomi sun kai sati 2 ba su tafi ba, mutum na bukatar taimako.

Abin ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 700.000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau 2.

Ba rashin bangaskiya ba ne

Kirista da yawa na jin kunyar faɗin damuwarsu, don kada a ce bangaskiyarsu ta yi rauni. Amma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye baƙin cikin manyan mutane ba. Annabi Iliya ya gudu cikin jeji, ya zauna gindin wani icce, ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya aiko masa da abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, daga baya ya ba shi Elisha ya zama abokin tafiyarsa. Abokan Ayuba su 3 sun zauna tare da shi kwana 7 ba su ce komai ba. Sai da suka buɗe baki suna neman laifinsa, sannan suka ƙara masa ciwo. Yesu kansa, a daren da za a kama shi, ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna baƙin cikinsa, ya nemi su zauna a faɗake tare da shi.

Darasin a fili yake: namiji ya faɗi abin da ke damunsa ba abin kunya ba ne.

Aikin ƴan'uwa

A majami'a mata na da zumuntarsu, inda suke haɗuwa su faɗa wa juna matsalolinsu. Maza kuwa sau da yawa daga an tashi sujada kowa ya kama hanyarsa. Ya kamata fasto da dattawa su lura da wanda ya yi Lahadi 2 ko 3 bai zo ba. Kada a aika masa yaro. Babba ya tafi da ƙafarsa.

In ka je, kada ka fara da wa'azi. Ka zauna, ku sha shayi, ka tambaye shi: "Ɗan'uwa, yaya barci? Mi ke damunka?" Ka saurara har ya gama. Abin da ya faɗa maka, kada ya fita kasuwa. Sannan ku yi addu'a tare.

Addu'a kuma ta zo da hannu. In gonarsa ta yi haki, a yi masa gayya. In rumbunsa ya ƙare, ƴan'uwa su tara tiya-tiya, a kai masa da dare don a rufa masa asiri. Wanda ya tafi cin rani, a riƙa kiransa ta waya, a kuma leƙa gidansa.

Lokacin zuwa likita

Mai karaya ana yi masa addu'a, ana kuma kai shi a ɗora. Tun 1950 asibitin mishan na Galmi ke haɗa addu'a da magani. Ciwon damuwa ma yana da magani, kuma ana warkewa. A raka mai ciwo gidan likita mafi kusa. In abin ya yi tsanani, su za su tura shi babban asibiti.

In mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada a ɗauka magana ce kawai. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke maganin ƙwari na gona daga ɗakinsa, a kulle, wani ya riƙe makulli. A kai shi likita a ranar.

Jama'a, wannan ciwo bai san Kirista ba, bai san Musulmi ba. Maƙwabcinka da ya yi shiru kwana biyu, ka leƙa shi yau.