Abin cikin hanji ma gado ne

Ɗan'uwa mai kiwo, ka taɓa ganin bisashe biyu, garke ɗaya, ci ɗaya, sha ɗaya, amma guda na ƙiba, guda na ramewa? Masana sun gano wani dalili wajen aladu.

Cikin hanjin kowace bisa akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa. Ido ba ya ganin su. Ba dukansu ke sa cuta ba. Da yawansu aiki suke yi wa bisa: suna narka dusa da ciyawa, su zama abin gina jiki.

Cimaka da wurin kwana suna canza waɗannan halittu. To, gado fa?

A ƙasar Sin, masanan jami'ar noma ta Jiangxi sun haɗa aladu iri 8, suka bar su suna barbara har zuriya ta 7. Gidan kiwo ɗaya, cimaka ɗaya. A shekarar 2022 suka ba da sakamako. Alade yana gadon irin jininsa, ko A ko O. Mai jinin A, hanjinsa na da wani irin sukari da yawa. Akwai halittun da ke cin wannan sukari, sai su yawaita. Mai jinin O sukarinsa kaɗan ne, halittun ma kaɗan.

A Faransa kuma, an duba kashin ƴan aladu masu kwana 60, aka raba su gida biyu bisa ga halittun hanjinsu. Kowane gida aka bar shi yana barbara a tsakaninsa har zuriya 3. Da tafiya ta yi nisa, yawancin ƴaƴa suka ɗauko irin na iyayensu. Na gida guda sun fi saurin girma bayan yaye. An bayyana wannan a 2024.

Ba aladu kaɗai ba. A 2019 an ga irin wannan gado cikin tumbin shanun nono wajen 1000 a Turai.

Don haka, in za ka zaɓi sa na barbara, dubi uwarsa da ubansa: suna riƙe jiki da rani? Amma gado shi kaɗai ba ya cika ciki. Ba bisa cimaka mai kyau da ruwa mai tsabta. Kada ka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da izinin malamin dabbobi, domin yana kashe har da masu amfani.