Wa ke karanta yarjejeniyar lasisi kafin a girka manhaja a kwamfuta?

A cikin kusan kowace kwamfuta akwai wasu ƙananan manhajoji da ba a gani, waɗanda masana ke kira famwaya. Su ne ke motsa katin wifi da na hoto da na sauti. Kamfanoni irin su Intel, Realtek da AMD ne ke rubuta su, kuma akasari ba sa fitar da asalin rubutun ga jama'a, sai dai su bayar da su tare da lasisi mai sharuɗɗa. Lasisin Intel na katin wifi, alal misali, ya yarda a rarraba manhajar, amma ya hana a warware ta don gano yadda aka ƙera ta.

Wannan batu ya daɗe yana raba kan masu aikin Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin tsarin Linux, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993. Shekaru da dama faifan girkawa na hukuma bai ɗauke da irin waɗannan manhajoji ba, saboda alƙawarin da ƙungiyar ta yi na rarraba manhaja mai ƴanci kawai. Abin da ya biyo baya shi ne mutum ya fara girkawa sai wifi ya ƙi aiki, alhali kuwa ta intanet ɗin zai sauko da abin da zai gyara matsalar.

A ƙuri'ar da aka kammala a farkon Oktoban 2022, mambobin Debian sun amince a saka famwaya a faifan hukuma, har suka yi wa kundin alƙawarinsu gyara. Debian 12, da ta fito ranar 10 ga Yunin 2023, ita ce ta farko da ta zo da wannan sauyi. Amma an gindaya sharaɗi: a sanar da mai kwamfuta abin da aka ɗora masa, a kuma ajiye bayanin a cikin na'urar don ya duba daga baya. Wanda ba ya so yana iya hanawa tun daga farkon girkawa.

Nuna lasisin kansa kuwa ba a kowane lokaci ake yi ba. Wasu ƴan ƙalilan, kamar na tsofaffin katunan Intel 2100 da 2200, sai an amsa an yarda kafin su shiga. Sauran suna wucewa shiru, lasisinsu na ajiye a cikin takardun da ke tare da manhajar. Ubuntu kuma akwati take nunawa, wanda mutum zai yi wa alama idan ya amince da manhajojin wasu kamfanoni.

Masu son a riƙa nuna kowane lasisi na cewa ba a ɗaure mutum da sharaɗin da bai gani ba. Masu adawa na cewa dogon rubutun lauyoyi da Turanci ba ya wayar da kan kowa, dannawa kawai ake yi a wuce.

A nan Nijar matsalar ta fi haka zurfi. Wanda ya sayi kwamfuta ƴar hannu a Maraɗi ko Damagaram, mai gyara ne ke girka masa komai, shi ke danna maɓallin amincewa a madadinsa. Don haka ya kamata mai na'ura, musamman makaranta ko ofis, ya tambayi mai gyara wane tsari ya saka da kuma manhajojin kamfanonin da suka shiga tare da shi, kafin ya biya kuɗin aiki.