Dutsen Alsas da Kwarin Isonzo: Yaƙin Tsauni Iri Biyu na Sojan Jamus

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tarar da Jamus ba ta da rundunar da aka horar musamman don yaƙin tsaunuka, alhali Faransa da Italiya sun daɗe da tasu. A fagen fama ta koya, a wurare biyu da darasinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne tsaunukan Vosges a yankin Alsas, ƙasar da Jamus ta ƙwace daga hannun Faransa a 1871. Akwai wani dutse a can, Hartmannswillerkopf, mai tsayin mita 956. Wanda ya hau kansa yana hango filin Alsas da layin dogon da ya haɗa Mulhouse da Colmar, ke nan igwa ta samu ido. A kan wannan aka shafe shekarar 1915 ana ɗauki ba daɗi, yau ƙololuwa na hannun wannan, gobe na hannun wancan. Ranar 21 ga Disamba Faransawa suka karɓe ta, washegari Jamusawa suka dawo suka kusan ƙarar da rejimanti ta 152 ta Faransa. Sojan Jamus sun fafe dutsen, suka zuba siminti, suka ja igiyoyin ƙarfe masu hauro da abinci da harsashi daga gindin tsauni. A wasu wurare ramukan ɓangarorin biyu sun yi kusa har ana jin tarin abokin gaba. Dubban mutane suka mutu a nan, kuma iyakar ba ta gusa wani abin kirki ba har aka gama yaƙin.

Na biyu shi ne Caporetto a kwarin kogin Isonzo, garin da yau ake kira Kobarid a Sloveniya. Sau goma sha ɗaya Italiya na kai wa Austiriya farmaki a wannan kwari, har Austiriya ta galabaita ta nemi agaji. Jamus ta turo Janar Otto von Below da rundunoni, ciki har da Alpenkorps, rundunar tsaunin da ta kafa a 1915. Da ƙarfe biyu na daren 24 ga Oktoban 1917 aka fara ruwan harsasan iska mai guba. Gari ya waye da hazo da yayyafi. Wata runduna ta bi hanyar kwari kawai, ta bar sojan Italiya a saman duwatsu suna jiran harin da bai zo ta gabansu ba, ta isa Caporetto a ranar. Wani laftanar mai suna Erwin Rommel, na bataliyar tsauni ta Württemberg, ya riƙa zagaye sansanoni yana ɓullo musu ta baya, ya hau dutsen Matajur ranar 26 ga wata da fursunoni kusan 9,000 a bayansa. Italiya ta ja da baya har kogin Piave, ta yi asarar fursunoni fiye da 250,000, aka kuma tuɓe babban kwamandanta Cadorna.

Masu son labarin jarumta sukan ce a Alsas an yi wauta, a Isonzo an yi dabara. Ban yarda da wannan rabon ba ɗungurungum. Ita kanta bataliyar Rommel a Vosges ta fara aiki, a can ta saba da sanyi da hawa da ɗaukar bindiga a doron baya. Bambancin da na fi gani shi ne na mai ƙasa da baƙo. Jamus na ɗaukar Alsas gidanta ne, Faransa ma haka, don haka ba janar ɗin da zai iya cewa a bar dutsen a wuce. A Isonzo kuwa Jamusawa aron su aka yi na ɗan lokaci. Ba su da wata ƙololuwa da zuciyarsu ta rataya a kai, shi ya sa suka iya kallon tsauni a matsayin abin da ake kewayewa.

Sai kuma wanda aka tarar. Faransawan Vosges sun tsaya ƙyam, suna da sojan da ke jira a baya. Sojan Italiya kuwa sun gaji da hare-haren Cadorna da tsananin horonsa, an jibge su a layin gaba, gubar ta fi ƙarfin takunkuminsu, wayoyin sadarwa sun tsittsinke. Dabarar kutsawa ta baya tana bukatar tsaga, kuma tsagar ta samu.

Makonni kaɗan bayan haka aka gwada maganar. Rundunonin Jamus da Austiriya suka iso dutsen Grappa, tsakanin kogin Brenta da Piave, kayan yaƙinsu na can baya, dusar ƙanƙara ta fara sauka. Italiyawa a ƙarƙashin sabon kwamanda Armando Diaz suka kafe a kansa, babu kwarin da za a bi a kewaye su. Cikin Nuwamba da Disamba aka yi ta hawa ana gangarowa da gawarwaki, bataliyar Württemberg ma ta ji jiki. Dutsen bai faɗi ba, kuma Jamus ta kwashe sojojinta ta mayar da su fagen Faransa don farmakin bazarar 1918.